Daga Garwa har Kiribi a kan kunamar ruwa

Bikin ƙanwar taubashina ne ya kai ni Garwa ta Kamaru, amma maganar gaskiya ko ba biki dama ina neman dalilin zuwa. Ni bayoloji nake koyarwa a wata sakandare a Jimeta, kuma akwai wata halitta ta kogin Binuwai ɗin nan namu da muke tsallakawa kullum a kan gada, wadda ban taɓa sa ta a ido ba, ɗalibaina ma ko ɗaya ba wanda ya taɓa gani, har 'ya'yan masunta a cikinsu. Kunamar ruwa. Kifi ce, shimfiɗaɗɗa kamar faifai, ga doguwar wutsiya siririya da ƙari a jikinta. A 1962 wasu Faransawa biyu, Stauch da Blanc, suka fara rubuta bayaninta a kimiyyance daga wadda aka kama a Binuwai daidai Garwa, shi ya sa har gobe sunanta na littafi yake ƙarewa da garouaensis. To na ce tunda ga ni ga garin da aka sa mata suna ai sai na tambaya.

Ta Belel muka bi muka biyo Gashiga, hanyar nan dai wanda ya sani ya sani, ƙura da shingaye da canjin naira zuwa sefa wanda kullum sai ka ji kamar an yanke maka aljihu. Garwa kuwa zafi, wallahi Yola ba ta nuna mata komai ba. Taubashin nawa tun kafin in ajiye jaka ya fara, wai zo in kai ka Rumde Ajiya ka yi wa Super Eagles ta'aziyya, don a filin nan ne Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya a gasar kofin Afirka a Janairun 2022 bayan mun cinye wasanninmu uku na rukuni. Na ce masa ni ba ƙwallo ta kawo ni ba, bakin ruwa za ka kai ni.

Washegarin ɗaurin aure da sassafe muka hau mashin muka gangara wajen gada. Rani ne, ruwan ya ja baya sosai, yashi fili guda, masu wanki sun shanya kaya, masu ɗibar yashi suna ta lodi, can nesa kuma ga kunnuwan dorina suna leƙowa. Muka samu wani dattijo yana gyaran kalli a gindin kwale-kwalensa, Bahaushe ne, ya ce kakansa daga wajen Yawuri ya zo. Bayan gaisuwa na ce Baba don Allah kunamar ruwa nake tambaya, ana samunta? Sai ya ajiye zaren ya kalle ni ya yi dariya, ya ce ɗana kai kuma me ya haɗa ka da ita, mutane na gudunta kai kana nema. Daga nan ya nannaɗe ƙafar wandonsa ya nuna mana wani tabo a saman idon sawu, ya lotsa ciki, fatar wajen ta yi sheƙi ta tattare. Ya ce yana saurayi ya taka ta a ruwan da bai kai gwiwa ba, zafin da ya ji har yau bai ji irinsa ba, kunamar tudu wasa ce, kuma ciwon ya daɗe yana ruwa kafin ya rufe.

Na ce to yanzu fa Baba? Ya ce ina, a da in ka ja taru a kan yashi sai ka yi ta tsince su kana sare wutsiya, yanzu kuwa ya manta rabon da ya ga ko ɗaya. Yaran da ke taya shi aiki suka tsaya suna saurare kamar ana ba da labarin aljanu, ɗayansu ma cewa ya yi shi ya ɗauka wani irin ƙwaro ne. A kwandonsu akwai ƙarfasa da kurungu da 'yan tarwaɗa, da minjirya guda ɗaya da aka ware gefe. Shi kenan.

Shi Baba ƙarancin ruwan sama ya ɗora wa laifi, da kuma madatsar Lagdo. Ya ce tunda aka tare ruwan nan kogin ya canza hali. Lagdo tana kudu da Garwa kamar kilomita 50, 'yan Sin ne suka gina aka gama a 1982, mu a Najeriya ba ma tuna ta sai an sako ruwa kamar 2012 da 2022, sannan a tashi da maganar madatsar Dasin Hausa da ba a gina ba. Amma ga halittar da rayuwarta duk a kan yashin ƙasan kogi take, tana binne jikinta ta bar idanu kawai, tana cin 'ya'yan ƙwarin ruwa waɗanda ba su yi fiffike ba tukuna, sauya lokacin cikar kogi da janyewarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai ina ganin Baba yana da gaskiya amma rabi ya faɗa, ragowar rabin yana cikin cikin ita kifin, kuma sai da na je Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, na gan shi da idona.

Kafin mu tashi ya aiki yaro gida ya ɗauko wani ƙullin tsumma, ya kwance, sai ga ƙarin. Ya ce na wadda ta harbe shi ne, ubansa ya kashe ta ya cire ya ba shi. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, ya yi rawaya don daɗewa, siriri mai faɗi kaɗan, gefe da gefe duk haƙora ne ƙanana sun kwanta suna kallon baya. Na shafa daga tsini zuwa gindi sumul, da na dawo da yatsa ta ɗaya ɓangaren sai ya kama fata. Wato shiga ba wuya, fita ce ke yaga nama. Na juya ƙasansa ga kwari biyu sun bi tsawonsa, a nan ne dafin yake zama lulluɓe da wata fata, in ƙarin ya shiga jikin mutum fatar ta yage dafin ya zuba, wani lokaci ma tsinin ya karye a ciki, shi ya sa ciwon ke ruɓewa. Ba farauta take yi da shi ba, kare kai ne kawai, sai ka taka ta. Kuma yana faɗuwa wani ya tsiro, har a kan samu mai biyu a lokaci ɗaya, sabo da tsoho. Na ce Baba da ruwan zafi aka tsoma ƙafar, wanda fata za ta iya jurewa, kamar digiri 45 na tsawon rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, da zafin ya ragu don dafin ba ya son zafi, sannan a tafi asibiti a duba ko akwai guntu a ciki. Ya ce malam ai ka makara da shekara hamsin. Duk aka kwashe da dariya.

Da a ce ni kaɗai ne da daga nan zan juyo gida. Sai taubashin ya ce zai sauka Yawunde karɓo kaya, in ina so in raka shi mu leƙa teku, tunda ta kogi ta ƙi ganuwa ga 'yan uwanta can jibge a kasuwa. Mota zuwa Ngaundare, a hau dutsen nan mai kwana-kwana iska ta sauya ta yi sanyi, sai jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, muka sauka unguwar Birketeri inda Hausa kawai kake ji da ƙamshin tsire kamar ba ka bar gida ba. Wannan ɓangaren ba sai na ja ba. Daga nan muka kama hanyar Edeya, garin da ke bakin kogin Sanaga, kuma Sanaga ɗin nan tana cikin 'yan kogunan da aka tabbatar kunamar ruwan Binuwai na rayuwa a cikinsu, tare da Neja ta ƙasa da kogin Kuros. Duk duniya iyakacinta kenan, Najeriya da Kamaru.

Kiribi gari ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, farin yashi da kwakwa, ga kogin Lobe da ke zubowa daga kan dutse kai tsaye cikin teku. Amma ni inda jiragen masunta ke sauke kaya na nufa, a Mboa Manga. Hayaniya, ƙanƙara, mata da manyan bahuna, ana ciniki da Faransanci da yarensu, taubashina ne tafinta. A can ƙarshe muka ga wata mata da tulin 'yan uwan kunamar ruwan a kan tebur, an sassare wutsiyoyin tun a jirgi. Mafi yawa ƙanana ne, faɗin tafin hannu biyu zuwa uku, ruwan ƙasa a sama fari a ƙasa, kuma a tsakiyar bayan kowace akwai wani ɗan ƙullutu fari mai sheƙi kamar an dasa dutsen ado. Da na ga wannan na san dangi ne na kusa, don tun 2016 masana suka haɗa waɗannan masu ƙullutun na gaɓar Afirka ta Yamma da tamu ta Binuwai a gida ɗaya mai suna Fontitrygon.

Na ce mama zan iya taɓawa? Ta ce in zan saya in taɓa har gobe. Na ɗaga ɗaya na juya ta. Idanu a sama suke, baki a ƙasa, wato ba ta taɓa ganin abin da take ci ba. Bayan kowane ido akwai rami, ta nan take jan ruwa in tana kwance a yashi don kar ta shaƙi ƙasa, ruwan ya fita ta tsagogi biyar-biyar da ke ƙasan cikinta. Kewayen baki da hanci in ka duba da kyau akwai 'yan ɗigo-ɗigo, ƙofofi ne masu jin lantarkin da jikin kowace halitta mai rai ke fitarwa, ko jatan lande ya binne kansa a taɓo za ta san yana nan. Jikinta kaf ba ƙashi, guringuntsi ne, ita da kifin shak dangi ɗaya ne, kuma irinta a duniya sun haura kala 600.

Bambance mace da namiji ba wuya. Namiji yana da wasu abubuwa biyu dogaye a gindin wutsiya, da su yake barbara, ɗaya yake sakawa a lokaci guda. Na yaro gajeru ne masu laushi, in ya balaga sai su yi tsawo su ƙanƙare, da haka masu bincike ke gane wanda ya isa. Kuma wajen barbarar cizo ne, namiji yana kama gefen fiffiken macen da haƙori ya riƙe, a irinsu da yawa haƙoran namiji har tsini suke yi saboda wannan aikin. Taubashina ya ce to ashe ba a gidanmu aka fara ba. Matar ba ta ji Hausa ba amma ta ga muna dariya ita ma ta taya mu.

Ana cikin haka wani mai saye ya zaɓi babba a cikinsu, mace, bayanta ya ɗan tasa ta wajen ƙugu, ya ce a gyara masa. Ta sa wuƙa ta tsaga cikin, ta zaro hanta ƙatuwa mai maiƙo, sai ta tura yatsa gefen hagu ta matso, wani ruwa fari-fari mai kauri ya biyo, sai ga ɗa ya sulluɓo a kan tebur. Cikakke, komai nasa ya fito, idanu, ramukan numfashi, 'yar wutsiya kamar zare, fiffikensa a naɗe, bai fi tafin hannuna ba, fatar cikinsa har kana hango jini ta ciki. Ta sake matsawa wani ya fito, na biyu. Shi kenan babu ƙari. Ta share su da bayan wuƙa cikin bokitin hanji ta ci gaba da aikinta, don a wajenta abu ne na kullum.

Ni kuwa na tsaya, don abin da nake zana wa yara a allo ne ga shi a gabana. Wannan kifin ba ya zuba ƙwai a ruwa. Ƙwan a cikin uwa yake ƙyanƙyashewa, ɗan ya fara rayuwa da gwaiduwar da ke maƙale a cikinsa, in ta ƙare sai bangon mahaifar uwar ya fitar da wasu zare-zare masu tsatso wannan farin ruwan mai kitse da furotin, masana ma nonon mahaifa suke ce masa, ɗan ya yi ta sha yana girma. Ba cibiya, ba mabiyiya irin ta dabbobinmu, amma ciyarwa ce sosai. Kuma a irin waɗannan mahaifar hagu ce kawai ke aiki, ta Binuwai ma haka take. In lokaci ya yi ta haife shi da ƙarinsa a lulluɓe don kar ya ji mata ciwo, yana fita ya buɗe fiffike ya kama gabansa, ba reno ba komai. Akwai wasu dangin nasu na ruwan sanyi da ke ajiye ƙwai cikin wata jaka mai tauri mai ƙaho huɗu, amma masu ƙari duk haihuwa suke.

To yanzu a yi lissafi. Tarwaɗa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, giwan ruwa babba miliyoyi. Ƙarfasa 'yan watanni ta isa haihuwa, ta yi ta yi. Su kuwa waɗannan na Kiribi ɗaya zuwa uku ne a ciki guda. Ta Binuwai ba ta wuce faɗin santimita 40, sai ta kai wajen shekara biyu kafin ta balaga, kuma duka-duka rayuwarta 'yan shekaru ne, ba ta kai goma. Shekarun ma da ake faɗa daga gaɓoɓin gadon bayanta ake ƙirgawa, a yanka a duba layukan da ke zagaye a ciki. Wato mace ɗaya duk abin da za ta bari a duniya ba zai cika kwando ba. Taru ɗaya aka ja a kan yashin da masu ciki ke kwanciya an gama da na bana da na baɗi, kuma ko ka ce za ka mayar da ita ruwa, sau da yawa firgicin kamu kaɗai yana sa ta ɓarar da cikin tun a jirgi. Ga shi ba wanda ke fita don ita, a kalli da mamari da aka kafa wa wasu kifaye take faɗawa, don haka ba wanda zai ce yau na lura ta ragu, sai dai a wayi gari tsofaffi kawai ke da tabo. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa ta a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, kuma a ƙididdigar 2021 kusan kashi ɗaya cikin uku na duk dangin shak da irin wannan kifin suna cikin barazana.

Girma ma ba ya ceton su. Wata 'yar uwarsu ta teku da ake kira manta, mai faɗin mita 7, wadda ba ta da ƙari ma sam, ciki na shekara guda take yi ta haifi ɗa ɗaya tal, sannan ta huta shekara biyu ko fiye. A Yunin 2022 a kogin Mekong na Kambodiya wani masunci ya kama wata irin kunamar ruwa, mace mai kilo 300, aka ce ba a taɓa auna kifin ruwan daɗi da ya kai ta ba, masu bincike suka sa mata na'ura suka sake ta. Mu namu abin da aka fi sani game da irin kifin nan shi ne Steve Irwin, Baturen Ostareliya mai wasa da kada a talabijin, da ɗaya ta soke shi a ƙirji ya mutu a 2006, alhali kisa irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, mu ne dai muke cinye su.

Wani abu kuma da hancina ya tuna min a teburin matar nan, waɗanda suka ɗan jima a rana sun fara wani wari mai hawa kai kamar na makewayi. Ba ruɓewa ba ce tukuna. Su na teku suna tara sinadarin yuriya a jininsu don gishirin teku kar ya tsotse musu ruwan jiki, in sun mutu shi ne ke juyewa ya ba da warin. A nan labarin ta Binuwai ya ƙara daɗi, don Stauch da Blanc da farko sun ɗauka 'yar uwar na kogin Amazon ce, waɗanda suka daɗe a ruwan daɗi har jikinsu ya daina tara yuriya gaba ɗaya. Sai a 1975 wasu masana biyu, Thorson da Watson, suka duba jininta da ƙirar jikinta suka ga a'a, har yanzu tana riƙe da yuriya ko da bai kai na teku ba, wato asalinta 'yar teku ce da ta hauro kogi ta zauna, tun daga bakin ruwa har Garwa, tafiyar sama da kilomita dubu. Wannan da a wata ƙasa ne da tuni tana jikin tambarin jiha, mu kuwa ko a littafin sakandare babu ita, sai zanen kifin Turai muke ba yara su haddace.

Na sayi namiji ɗaya jaka biyu na sefa bayan ciniki, na ƙi mace duk da na san wannan ba abin da zai canza tunda duk sun riga sun mutu. Matan da ke gashi a gefe suka gasa mana da yaji da albasa aka kawo da bobolo, rogon nan da ake naɗewa a ganye. Naman fiffiken zare-zare yake tashi, fari, ba ƙaya ko ɗaya sai guringuntsi a tsakiya mai garas-garas, da daɗi ba laifi amma giwan ruwa ya fi shi nesa. Taubashina ya ƙi ci, wai shi ba zai ci abin da aka ce kunama ba ne, na ce kai da kake Bamalike, duk abin da ya fito daga ruwa ai halal ne, ya ce halal daban sha'awa daban, ya sa aka gasa masa wani.

A mota muna komawa Edeya na ce masa in Allah ya kai mu rani mai zuwa Ibi zan nufa, in bi masuntan Jukunawa in gangara har Makurɗi da Lakwaja ina tambaya, don Binuwai kilomita 1,400 ce, ba a yanke mata hukunci daga gadar Garwa kaɗai. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, amma wannan karon kuɗin mota kowa ya ji da kansa, kuma in sayi takalmin roba mai tsawo tun daga Jimeta.